Tanki Babu Ruwa a Saman Ɗakin Kaka

Da hantsi Baba ya hau dogon ƙarfen da ke bayan gida ya wanke tankin ruwa. Gyaran famfo ne sana'arsa, kuma duk shekara sai ya yi wa tankin gidansa wannan wanka. Yakan zubar da ruwan tas, ya kwance bututu, ya warware wayar da ta ɗaure tankin da ƙarfe, ya dirje gansakukar ciki, sannan ya bar shi baki buɗe rana ta busar da shi. Bai yarda a mayar da ruwa a jiƙaƙƙen tanki ba, wai nan gansakuka ke samun gindin zama. Yana jiran bushewar aka kira shi, bututu ya fashe a wani shago. Ya ce yanzu zai dawo, ya hau babur.

Babbar 'yarsa, wadda duk gidan ke kira Farar Kura saboda yawan tsoron da take da shi, tana zaune bakin taga da littafi a cinya. Zafi ake yi irin wanda ke sa riga ta manne wa mutum a baya. Can bayan la'asar ta ga takardar littafin ta yi duhu, ta ɗaga kai. Gabas ta haɗe baƙi ƙirin, ƙasan hadarin kuma wani kore-kore da ba ta taɓa gani ba. Tsuntsayen da suka wuni suna surutu a kan wayar lantarki duk sun ɓace.

Iska ta fara da wasa, ta ɗauki wata leda ta juya ta a tsakar gida. Sai ta ji wani sauti daga sama, gum, kamar an daki ganga. Ta leƙa. Tankin ne ya motsa. Shekara da shekaru nauyin ruwa da waya ke riƙe da shi, yau babu ko ɗaya. A ƙarƙashinsa daidai kuma rufin ɗakin Kaka yake, mahaifiyar Baba, wadda tun faɗuwar da ta yi bara ba ta iya tashi daga gado sai an kama ta.

Ta ruga ta danna makunnin injin ruwa don ta cika shi, ta manta ma bututun a kwance yake. Shiru. An riga an ɗauke wuta. Ta kira Baba, wayar ta yi ta ƙara ba a ɗaga ba.

"Umma! Tankin zai faɗo!"

Umma na kwashe shanya, kaya rungume har haɓa. "Ke dai kin shiga uku da tsoro. Shekaranjiya ƙadangare, yau tanki. Zo ki kama min zannuwan nan."

"Wallahi Umma, ki duba."

Umma ta ɗaga kai don ta rabu da ita. Iska ta sake bugowa, tankin ya ja ciki ƙiii, gindinsa ya leƙo waje da ƙarfen. Kayan shanyar suka zube daga hannunta, ba ta ko waiwaye su ba.

A ƙofar ɗakin Kaka Umma ta durƙusa, kamar yadda ta saba tun ranar da aka kawo ta gidan. "Inna, da za ki daure mu mayar da ke falo. Hadarin nan ba shi da kyau."

Kaka na kwance tana fifita da mafici. "Na ga hadari tun mijinki bai zo duniya ba. Ku rufe min taga ku tafi."

"Tankin ne, Inna, ba ruwa a ciki."

"To ni na shanye? Wannan Farar Kurar ce ta zuga ki, ko? Ke, 'yar nema, littattafan nan sun cinye miki zuciya. Inuwarki ma tsoronta kike."

Umma ta sunkuyar da kai. Ba ta taɓa yi wa surukarta musu ba, balle ta kai mata hannu ba da izini ba. Sama ta yi wata irin tsawa, kwanon rufi ya fara ɗagawa yana komawa kamar mai numfashi. Ƙura na zubowa daga silin a kan bargon Kaka. Gum. Gum. Yanzu daidai saman kansu ake jin sa.

Yarinyar ta wuce Umma, ta damƙi bakin katifar ta wajen ƙafafu ta ja.

"Ke! Ke, don ubanki!" Kaka ta maka mata mafici a ka. "Za ki karya ni! Sake min katifa, marar kunya!"

"Ki dake ni a falo, Kaka."

Katifar ta zamo rabi a gado rabi a iska, nauyin ya fi ƙarfinta. "Umma, kama!" Ba ta taɓa yi wa uwarta tsawa ba sai yau. Umma ta miƙe, ta ce, "Inna, ki yafe ni," ta kama ɗaya ɓangaren. Suka sauke ta ƙasa, suka ja ta ta ƙofa, Kaka na zagi tana kiran ɗanta ya zo ya ga abin da matarsa da 'yarsa ke yi mata. Ba su tsaya ba sai da suka kai tsakiyar falo, nesa da taga.

Sai iskar ta ɗauke cak. Ba a jin komai sai hakinsu.

"To," in ji Kaka, tana gyara ɗankwali. "Ina abin? Kun jawo ni kamar buhu, kun fama min ƙugu, ina abin? Ku mayar da ni."

Umma ta dubi 'yarta. Yarinyar ta ji kunya ta fara hawo mata daga ƙirji. Ta buɗe baki ke nan za ta ba da haƙuri iskar ta dawo gaba ɗaya, da ruwa a bayanta. Gidan ya girgiza. Aka ji ƙarfe ya yi kuka, sannan wani abu ya faɗo da ƙarar da ta toshe musu kunne. Ƙura ta turnuƙo daga ɗakin Kaka.

Da ta lafa, ta ƙofar da suka bari a buɗe suna hango sama. Tankin ya huda rufi ya taho da katako da silin, ya zauna a kan gadon, ƙafar gadon ɗaya ta karye. Ruwa na zuba a daidai inda matashin Kaka yake ɗazu. Iska ta sa hannu ta ramin tana yage sauran kwanon ɗaya bayan ɗaya, tana wurgi da su can wajen titi.

Kaka ta lalubo hannun jikarta ta riƙe gam, yatsunta sanyi ƙalau. Sannan ta yi magana, murya ƙasa-ƙasa.

"Sake kiran ubanki. Ki ce ya tsaya inda yake, kada ya biyo titin nan."

Yarinyar ta danna lambar da hannu ɗaya, don Kaka ta ƙi sakin ɗayan. Wayar ta fara ƙara.