Shekarar da Umma Ta Rikita Labarai

Shekarar ta shigo musu da ƙafar hagu. Ana saura 'yan makonni zaɓe, Malam ya faɗi a bakin ƙofar banɗaki, aka kwashe shi sai asibiti. Ya dawo gida ɓarin jikinsa na dama a shanye, magana kuma ta ɗauke ɗif. Yana ji, yana gane komai, amma idan ya buɗe baki sai iska.

Wanda bai san Malam ba ba zai gane girman wannan rashi ba. Mutum ne da ya ƙare ƙuruciyarsa a gidan jarida yana gyara rubutun mutane, har abokan aiki suka laƙaba masa Jan Biro. Da ya yi ritaya bai ajiye aikin ba, gida ya dawo da shi. Ka ce jiya Talata, ya ce Laraba. Mai karanta labarai a rediyo ma bai tsira ba. Umma, matarsa, ta sha cewa da Allah zai ba ta yini guda babu gyara da ta yi sadaka. Yanzu an ba ta yinin, an ƙara mata da makonni, ta rasa inda za ta sa kanta.

Likita ya ce mata, "Ki riƙa yi masa hira. Wasu maganar takan dawo, wasu ba ta dawowa. Idan shekara ta zagayo shiru, to sai haƙuri."

Ta jawo keken ɗinkinta daga ɗakin baya ta dasa shi a falo, kusa da kujerarsa. Ta yi masa hirar yara, ta farashin zare, ta maƙwabciyar da ta sake fenti. Yana kallon silin. Ashe ba ta taɓo inda yake masa ƙaiƙayi ba.

Ranar da aka faɗi sakamakon zaɓe, tare suka saurara a rediyo: babu wanda ya kai, sai an je zagaye na biyu. Can sai ga Auta, ƙaramar 'yarsu mai koyarwa a firamare, ta shigo tana tambayar me aka ce. Umma, da siyasa ba ta taɓa damunta ba, ta ce ai an raba mulkin biyu, kowa ya yi wata shida. Sai suka ji tas! Malam ne ya daki hannun kujera da hannunsa mai lafiya, ido waje, leɓe na rawa.

Umma ta dube shi, ta dubi Auta. A nan dabarar ta faɗo mata.

Daga ranar ta zama gidan rediyo mai zaman kansa, kuma babu labarin da ya fita daga bakinta da lafiya. Ƙasar kuwa kamar ta san ana buƙata, don ba a taɓa shekara mai yawan abin faɗa irin wannan ba. Da aka rantsar da sabuwar gwamnati, Umma ta ba ministan lafiya ma'aikatar gona, ta tura na gona ƙasar waje. Da malamai suka tafi yajin aiki, ta gaya wa mai gyaran famfo cewa ɗalibai ne suka ƙi karɓar albashi. Da jirgin ƙasa ya dawo aiki bayan shekaru yana kwance, ta ce ta ji an ce da man gyaɗa yake tafiya. Duk wanda ya zo dubiya sai ya tafi da guzurin shirme, Malam kuma yana ta dukan kujera har fatar hannun kujerar ta fara ɓarewa.

"Umma, ki ji tsoron Allah," in ji Auta a kicin, tana danne dariya. "Hawan jininsa fa."

"Na tambayi likita, ya ce kaɗan-kaɗan ba laifi. Ubanki ba zai yi magana don yana so na ba, wannan na daɗe da sani. Amma don ya ƙaryata ni, ko daga kabari sai ya taso."

Ranar da 'yan ƙwallon ƙasa suka ci kofi, titin ya cika da hon da ihu. Umma ta leƙa ta taga ta dawo ta ce wai alƙalin wasa ne ya zura ƙwallon ƙarshe, shi ya sa aka ba shi kofin ya tafi da shi gida. Malam ya yunƙura, wuyansa ya kumbura, wani sauti ya taso daga maƙogwaronsa. Ta saki almakashi ta tsaya cak. Sautin ya tsaya a nan. Ta koma kan keke ta ɗinka hannun riga a bai-bai, sai da ta farke shi.

Aka yi ƙidayar jama'a, ta rage ƙasar zuwa mutum dubu. Tsohuwar mawaƙiyar da suke so tun suna saurayi da budurwa ta rasu. Wannan labarin kam Umma ba ta taɓa shi ba. Ta kashe keke, suka zauna suka ji waƙoƙinta har aka gama, hannunsa a cikin nata.

Shekara ta zo ƙarshe. Wata la'asar rediyo na ta bitar abubuwan da suka faru, Auta na yanke wa mahaifinta farce. Ta ce, "Umma, yau ba sharhi?"

Umma ba ta ɗago daga ɗinkin ba. Ta gaji, kuma tsoro ya kama ta, don maganar likita ba ta bar kunnenta ba ko sau ɗaya.

"Wane sharhi kuma? Kowa ya samu nasa a shekarar nan. Masu mulki sun hau, masu ƙwallo sun ci, jirgi ya tashi. Ni ce kawai na zauna ina zuba kamar famfo, na mai da kaina abin dariyar unguwa, ban amfana wa bawan Allahn nan komai ba."

Wannan karon ba tsokana ba ce. Har cikin ranta haka ta ɗauka.

"Ƙar... ya."

Muryar ta fito a shaƙe, a karkace, kamar ƙofar da ta daɗe a rufe. Abin yanke farcen ya faɗi daga hannun Auta. Malam na kallon matarsa, gumi a goshinsa, ya sake tattaro ƙarfinsa.

"Ƙarya... ne."

Umma ta tashi, ta zo ta durƙusa a gaban kujerar. Hawaye na zuba, dariya na neman ƙwace mata.

"Malam, shekara guda ina shirga maka ƙarya ka yi shiru. Sai yau da na faɗi gaskiya?"

Ya girgiza kai, ya kama hannunta ya riƙe gam. Bakinsa ya sake motsi, ita kuma ta matso da kunnenta ta jira.