Tebur Huɗu na Dangin Amarya

Shekara ashirin da uku ina kaɗa fiyano a bukukuwan garin Asaka da kewaye, matata Mohira tana waƙa, tsoho Ilhom yana buga mana bandiri. Ba yabon kai ba, na san aikina. Da farko ka ba dattawa kiɗa mai sanyi su ɗan taka su koma kan shayinsu. Sai ka ba mata nasu. In ka ga samari sun fara cire kwat suna ratayewa a kujera, ka sakar musu polkar Andijon, rawar samari mai zafi, sai ka ji daɓe yana amsawa. Kuma kar ka kuskura ka bar shiru tsakanin waƙa da waƙa, don mutum in ya zauna ya ga nama a gabansa, ka rasa shi ke nan. Da an fito da osh kuwa, wato dafa-dukan shinkafa ta biki, biki ya ƙare. A ci, dattawa su shafa addu'a, kowa ya kama gabansa.

Wannan bikin na rana ne, wata Asabar, na ɗan Hurshida opa, matar da duk unguwarmu ke shakkar bakinta. Opa muke ce wa mace babba, kamar a ce yaya. Amaryar, Shirinoy, 'yar yankin Horazm ce, can nesa da mu, a jami'a suka haɗu da yaron. Danginta sun kwana a jirgin ƙasa kafin su iso, su wajen arba'in, aka ba su tebur huɗu a hannun hagu.

Tun waƙa ta biyu dangin ango suka cika fili. Tebur huɗun nan kuwa sai tafi, tafin ma na ladabi. Na ce gajiyar hanya ce. Na ba su mai sanyi, shiru. Na ba su mai zafi, shiru. Aka shafe awa ɗaya da rabi ko mutum ɗaya bai ɗaga daga kujera ba.

Sai ga Hurshida opa ta hawo inda muke, tana murmushi saboda mai ɗaukar bidiyo, amma muryarta babu murmushi ko kaɗan.

"Sobirjon, kiɗa kake yi ko gyangyaɗi?"

"Haba opa, ku dubi fili mana."

"Nawa nake gani a fili. Dubi can! Mutum arba'in sun zuba mana ido sai ka ce mun ci musu bashi. Bidiyon nan duk unguwa za ta kalla, a ce dangin amarya ba sa son auren. To in raina mu suka yi, su sani 'yarsu ce za ta zauna a gidana, ba su ba."

Ta sauka abinta. Na san matar nan ba ta mantuwa. Abin da ta ƙulla yau, bayan shekara goma za ta kwance shi a kan yarinyar, gaban baƙi, tana zuba shayi. Na dubi amarya. Tana tsaye a mazauninsu tana rusunawa ga masu rawa kamar yadda amare ke yi, amma duk ɗagowar da za ta yi, hagu take kallo.

Na ce wa Mohira, "Bari ki gani. Ɗan Horazm ko a gadon asibiti yake, in ya ji lazgi sai ya motsa."

Lazgi rawarsu ce, kuma mu a nan in za mu kaɗa ta, daga wurin zafinta muke kamawa, don mutanenmu ba su da haƙurin jiran farkonta. Haka na yi. Na buɗe sauti, Ilhom ya dira wa bandiri. Na ga kafaɗun samarinsu sun fara rawa da kansu. Wani ma ya miƙe rabi, uwarsa ta fizgo shi ta gefen kwat ya koma. Sai wata mata a tebur na farko ta toshe baki da gyale, ta tashi ta fice da sauri.

Raina ya ɓaci, wallahi. Na ce, "Waɗannan wane irin mutane ne? Na ba su nasu ma sun ƙi! Duwatsu aka kawo mana a jirgi?"

Mohira ta harare ni, ta ajiye makirufo ta bi matar. Na riƙe fili da kiɗa zalla. Ana haka mai dafa osh ya leƙo, tawul a kafaɗa, ya ce ya rufe tukunya, saura rabin awa.

"Usta, ka ɗan ja mana lokaci."

"Shinkafa ce, malam, ba surukata ba ce da zan ce ta jira. Rabin awa, in ta wuce ta zama kunu."

Mohira ta dawo idonta ja.

"Kai dai kunne Allah Ya ba ka, bai ba ka ido ba. Ka san wadda ka kora waje? Uwar amarya ce, Gulandom. Mijinta ya rasu wata goma sha huɗu da suka wuce. Shi ne mai buɗe lazgi a duk bikin ƙauyensu."

"Innalillahi. To ai shekara ta cika, sun fita makoki."

"Sun cire shuɗin kayan makoki, amma a danginsu ba wanda ya yi rawa tun daga ranar. Ba mai tashi sai matar mamaci ta tashi. Ita kuma ba za ta tashi gaban uwar mijinta ba, sai tsohuwar ta buɗe. Ga ta can, mai farin ɗankwali. Onabibi momo."

"To su gaya mata mana!"

"Wa zai dubi uwa ya ce ta yi rawa, ɗanta yana ƙasa? Kai za ka iya?"

Kunya ta kama ni. Awa biyu ina zagin mutane a zuci, ashe da kiɗana nake taka musu ciwo. Na ce wa Mohira ta riƙe fili da waƙa, Ilhom ya raka ta. A shekara ashirin da uku ban taɓa barin fiyano ana tsakiyar biki ba, amma ranar na sauka.

Tsohuwar 'yar ƙarama ce, sanda jingine a gwiwarta, ko burodin gabanta ba ta taɓa ba. Na dafa ƙirji na durƙusa, na kira ta momo, wato kaka.

"Momo, sannunku da hanya. Allah Ya jiƙan ɗanku. Ban sani ba, ku yafe mini."

Ta dube ni sama da ƙasa. "Kai ne mai kiɗan?"

"Ni ne."

"Wa ya koya maka lazgi?"

"A kaset na koya, momo."

"Ai na ji alama. Ka faɗo mata daga tsakiya sai ka ce mai korar awaki daga gona."

Gaskiya ta faɗa. Na ce, "Momo, ba don kaina na zo ba. Saura kaɗan a fito da osh. Mutanen nan ba su san abin da ke zuciyarku ba, gani suke kun raina su. Ku gobe za ku hau jirgi, Shirinoy ce za ta kwana a nan."

Wani dattijo a gefenta ya buɗe baki zai tsawata mini, ta ɗaga hannu ta dakatar da shi. Ta juya ta daɗe tana kallon jikarta. Yarinyar tana ta rusunawa, hannu a ƙirji.

"Uwar mijin ce waccan mai haƙoran zinariya?"

"Ita ce."

"Hm." Ta gyara ɗankwali. "Ƙafafuna sun mutu, yaro, ba zan iya tsayawa ba. Je ka kaɗa ta daga farko. A hankali. Kar ka yi sauri sai na yi maka alama da hannu. Ku kuma a kira mini Gulandom."

Na koma na karɓi makirufo. Ban yi dogon bayani ba, na ce kakar amarya za ta buɗe rawar mutanenta, a ba ta fili. Na sa wa fiyano muryar algaita, na ja sautin farko, dogo, ba bandiri. Zauren ya yi tsit, har ƙarar cokali ta ɗauke.

Daga zaune ta ɗaga hannun dama sama, ta tsayar da shi cak. Sai yatsa ɗaya ya fara karkarwa. Sai sauran. Sai wuyan hannu ya karye gefe, ya dawo. Ilhom ya shigo da bugu ɗaya-ɗaya. Ta ɗaga na hagu, kafaɗunta suka karɓa. Fuskarta ba dariya ba kuka, tana kallon gabanta kawai.

Gulandom tana tsaye a bayanta. Tsohuwar ba ta ko waiwaya ba ta ce, da ƙarfin da har mu muka ji, "Fita, 'yata. Shirinoy ta rasa uba, ba za ta rasa biki ba."

Gulandom ta fita fili tana hawaye, hannuwanta a sama. Tsohuwar ta yi mini alama da hannu, na saki kiɗan.

Kai! Ban taɓa ganin irinta ba. Tebur huɗu suka tashi lokaci ɗaya, kujeru suna faɗuwa. Maza suna karkaɗa kafaɗa suna ihu, mata suna kaɗa yatsu. Samarinmu masu taƙama da polka suka koma gefe baki buɗe, daga baya suka faɗa ciki suna kwaikwayo ba kan gado. Gulandom ta nufi Hurshida opa kai tsaye ta kamo hannunta. Wata ta riga ta raɗa mata labari, na gani a fuskarta. Ta rungume Gulandom, ta je da kanta ta sauko da amarya, ta sa ta tsakaninsu.

Ina cikin kaɗawa na waiga hagu. Teburan nan huɗu babu kowa sai tsohuwar ita kaɗai. Hannuwanta sun sauka kan cinya, ta sunkuyar da kai, jikinta duka yana jijjiga da kuka. Tausayi ya kama ni, na fara rage kiɗan don in rufe.

Ta ɗago ta gan ni. Ta share fuska da bakin ɗankwali, ta ɗaga sandarta ta nuna mini fili.

"Wa ya ce ka tsaya? Kaɗa!"

Na ci gaba da kaɗawa.