Adireshin da Ya Goge Muryar Baba

Yayana ya rubuta wata 'yar manhaja mai layin umarni casa'in, ya hana kowa sakat a gidan. Aikinta raba hanya ne a shafin intanet. Idan wani ya buɗe adireshi, sai ta karanta kalmomin ƙarshensa, ta nemo aikin da ke da wannan suna, ta aiwatar. Ka rubuta murya/saurara, sauti ya tashi. Ba tambaya, ba jiran izini.

Ni ma sana'ata ke nan, amma a wurinsa har gobe ƙanwa ce ni. Na ce, "Yaya, ka rubuta jerin hanyoyin da hannu. Buɗe adireshi kawai bai kamata ya canza komai ba."

Ya ce, "Ke kin cika wahalar da kanki. Tawa da kanta take gane hanya."

A kan manhajar tasa ya gina shafin gidanmu, ya ɗora muryoyin marigayi Babanmu guda arba'in da ɗaya, hirarrakin da aka ɗauka a shekararsa ta ƙarshe. Tsohuwar wayar da suke ciki kuwa ya share komai a cikinta tas ya ba da ita kyauta, wai zamani ya wuce ajiya a aljihu. Mama kullum sai ta saurari ɗaya idan ta gama karyawa.

Ranar Asabar da safe muna falo, ya turo mini saƙo yana murmushi, alhali ga ni a kujerar gabansa. Adireshi ne: murya/goge-duka.

Ya ce, "Dubi tsafta. Ko makaho ya san abin da wannan yake yi. Kar dai ki taɓa."

Ban taɓa ba. Sai dai manhajar saƙo, idan aka tura adireshi, takan buɗe shi da kanta don ta nuna ɗan hoton shafin a ƙasa. Hoton ya fito kuwa, fes, da rubutun da Yaya ya tsara da hannunsa: "An goge 41. Aiki ya kammala."

Haushinsa ya kama ni, sannan tausayinsa, don na ga yana ta sabunta shafin ko muryoyin za su dawo. Manhajarsa ba ta yi kuskure ko ɗaya ba.

Mama ta fito daga kicin da kofin shayi, ta zauna kusa da shi, ta gyara mayafi.

Ta ce, "Kunna mini ta jiya, inda babanku yake dariya. Ban ƙarasa ji ba."