Askin Jikan Mode Wanzami

Mijina Mode wanzami ne ɗan wanzami, kuma in ka ji na ce na san sana'ar nan, to shekara talatin na yi ina wanke masa ƙaho. A unguwarmu ta Hausawa nan Zuru babu ƙofar da ake rufe masa. Gidan da ƙanen miji ma ba ya wuce zaure, Mode sai ya yi sallama ya kutsa da zabirarsa har tsakar gida, mata ba su fasa daka ba. Shi ke askin suna, shi ke cire belu, shi ke shayi, shi ke yi wa tsofaffi ƙaho in baya ya riƙe. Fulani har daga wajen Dirin Daji sukan aiko a kira shi. Yana ji da abin, ba kaɗan ba. Yakan ce mini, "Indo, sarki ma ni yake miƙa wa wuya," ni kuwa in ce masa to sai ya ci sarautar mu gani.

'Ya'ya biyar muka haifa. Agana ta kwashe huɗu cikin rani biyu, ta bar mana Altine kaɗai. Mode bai taɓa zama ya yi maganar ba, ni ma ban tsokano ba.

Bayan Turawa sun kafa bariki da 'yan shekaru, sai ga wani likita Bature ya zo da abin da ake kira lamba. A tsaga damtsen yaro kaɗan, a shafa wani ruwa, wai agana ba za ta kama shi ba. Yana neman mai hannun aska, masinjan bariki kuwa, wani Maharazu, ya kawo shi kai tsaye ƙofar gidanmu.

Na ce, "Malam, kar ka shiga. Mutane na cewa alama ce, in yaro ya girma a gane shi a kwashe soja ko dako."

Ya ce, "Na ga hannun Baturen. Shi ma anka yi mai, ga tabon nan."

"To shi ya shafa. Kai wanzamin mutane ne."

Ya dube ni ya ce, "Da anka zo da wanga abu shekara goma baya, su nawa za ki kira cin tuwo yau?"

Haushi ya kama ni, na shiga madafa na huce a kan tukwane.

Ranar da aka fara, gari ya zama kamar ba a taɓa haihuwa a cikinsa ba. An tura yara cikin dawa, an zura wasu cikin rumbu, wasu an hau da su dutse wurin abokan arziki Dakarkari. Likita na tafe, dogarai biyu na biye, Mode na riƙe da kayan aiki. Ina tsaye bakin danga na ga sun isa gidan Jibo mai jakuna, maƙwabcinmu kuma abokin Mode tun suna yara. Jibo ya fito da yaro ɗaya ya ce shi ke nan abin da Allah ya ba shi. Likita har ya juya zai wuce.

Sai na ji muryar mijina. "Uku ne. Akwai Lukuman, akwai Asiya. Ni na yi masu aski."

Dogarai suka shiga gidan da takalmansu, suka zaro yaran daga rumbu, jikinsu duk ƙaiƙayi, suna ihu. Mode ya riƙe damtsen Asiya ya tsaga, uwarta na birgima a ƙasa. Daga nan kuma sai abin ya zame masa sauƙi. Gida bayan gida yana tsayawa yana faɗin sunaye, wannan huɗu, wancan shida har da na goye, don babu jaririn da aka haifa a unguwar nan da kansa bai bi ta hannunsa ba. Altine, da lokacin tana amarya a gidan Na'Allah, tana cikin masu kallo ta kan katanga.

Hannuwan yara suka kumbura, suka yi zazzaɓi, suka warke. Ko ɗaya bai mutu ba, wannan kam sai in faɗa a gaban kowa. Amma wa ya damu? Babu wanda ya zagi Mode, da ma zaginsa aka yi da ya fi. In ya yi sallama sai a ce mai gida ba ya nan. Maza suka bar suma ta taru, in ta dame su su taka har Manga wurin wani wanzami. Da ya tare Jibo a bakin masallaci, Jibo ya ce masa, "Ba lambar ta dame ni ba, Mode. Na bar ka ka shiga inda ɗan'uwana bai shiga, ka fito ka ƙirga ma Bature ɗiyana."

Wata biyu likita ya gama ya ƙara gaba, ya bar mini miji ba aikin Bature ba aikin gado. Ya koma noma. Mutumin da hannunsa ya fi nawa laushi, ga shi da fartanya, tafin duk ya yi bororo. Ya tsani gonar nan, ni ma na tsane ta saboda shi. Duk da haka kullum da safe sai ya baje asakensa ya wasa su ɗaya bayan ɗaya, ya maida cikin zabira, ya rataye. Ina jin ƙarar dutsen washin sai raina ya ɓaci, in rasa da wa zan yi faɗa, da shi ko da gari.

Ana nan Altine ta sami ciki. Ya kamata ta dawo gida goyon ciki tunda na fari ne, surukan suka ce a bar ta can, muka haɗiye. Ta haifi namiji. Ranar na ga haƙoran Mode a waje karo na farko cikin shekara. Ya je wurin maƙeri ya sa aka ƙera masa sabuwar aska. Ya ce, "Indo, wannan dai jinina ne. In mutane sunka ga na yi mai aski gidan Na'Allah, za su dawo."

Ana gobe suna, Talatu ungozoma ta ja ni gefe ta ce an aika Manga a kira wancan wanzamin. Na dawo gida na same shi yana gwada askar a gashin hannunsa. Na buɗe baki zan faɗa, na kasa. Ni da ake cewa bakina ba ya da linzami, ranar tsoro na ji, kuma har yau ina jin kunyar shirun nan.

Da hantsi muka isa. Ya sa farar rigarsa, zabira a kafaɗa. An riga an raɗa suna, an yanka rago. A zaure wani mutum da ban sani ba yana zaune yana goge aska a cinya, kasonsa na nama a gefe cikin ganye. Mode ya gaishe shi, gaisuwa cikakkiya, ya wuce ciki, ni ina bayansa.

Jaririn na hannun uwar mijin Altine, kansa tas. Mode ya tsaya ya ce, "Wa yac ce a kira wani?"

Uwar miji ta fara kame-kame, sai Altine ta amsa daga bakin ɗaki, kanta a ƙasa. "Ni ce, Baba."

Ya durƙusa gaban jaririn yana duba askin, don ido ba ya barin sana'a. A bayan kunnen hagu akwai ɗan yanka, jini ya bushe a kai. Na ga fuskarsa ta motsa. Ya ce a hankali, "Ya ji mai ciwo," ya miƙa hannu zai taɓa wurin.

Altine, wadda kwana bakwai ko kallon yaron ba ta yi a gaban mutane saboda kunyar ɗan fari, ta tsallako tabarma ta fizge shi daga hannun surukarta, ta rungume, ta juya wa ubanta baya.

Hannun Mode ya tsaya a miƙe, babu kowa a gabansa. Ni na kama shi na sauke masa.