Askin Ranar Laraba

Shekara talatin da ɗaya ina aski kafin hannuna na dama ya fara rawa ba kiɗa. Likita ya ce ciwon karkarwa ne, ba ya warkewa, sai dai a koyi zama da shi. Na ce to, wanda ya zauna gida ɗaya da surukarsa shekara tara ai ba za a koya masa haƙuri ba.

Na kuwa koya. Ƙwayar safe takan kama jikina wajen ƙarfe goma, ta sake ni bayan sha biyu, sai na mayar da buɗe shago tsakanin nan. Na ajiye reza, na riƙe inji kawai. Na sayi kofi mai murfi, matata ta cire maɓallan rigunana ta sa zif. Ranar da baƙin ciki ya taso, nakan share shagon sau biyu, in bai wuce ba ya ragu.

Masu zuwa aski ne suka kasa koyo. Ba wanda ya ce mini uffan, kowa dai gashinsa ya daina tsiro. Mai kantin da ke jikin shagona ya koma gaishe ni da hula har kunne. Ban riƙe kowa a zuciya ba. Ƙarya nake, duk na riƙe su.

Saura mutum ɗaya, Direba, abokina tun muna samari, tsohon matuƙin bas mai ƙaton kai kamar tulu. Duk Laraba sai ya zo, ya kushe kujerata, ya ce fankata ta girme shi, sannan ya miƙo kai. In na gama ya juya gaban madubi ya ce har gobe babu kamata a garin nan. Da wannan maganar nake cin sati guda. Nakan ce wa matata, muddin kan Direba yana hannuna, ni mai aski ne, ba majinyaci ba.

Wata Laraba bayan ya tafi na ga ƙwayata ta ƙare. Kemis ɗin layinmu babu, sai na taka zuwa na bayan tasha. Kusa da shi akwai wani shagon aski mai ƙofar gilashi, kuma mai sana'a ba ya wuce sana'arsa bai leƙa ba. Wannan kan ko cikin dubu zan gane shi. Direba ne zaune an ɗaura masa ƙyalle, mai askin yana bin ƙeyarsa yana daidaita inda na yi hawa da gangara. Ko magana ba sa yi. Yadda mutumin ya san inda zai fara, na gane ba yau farau ba.

Na tsaya a bakin titi hannuna yana bugun cinyata. Da farko na so in shiga in ci masa mutunci. Sai na hango shi a raina wata da watanni yana fita daga shagona da kai kamar gonar da akuya ta shiga, ya kifa hula, ya tako har nan ya sake zama, don kawai in koma gida da labari mai daɗi. Zuciyata ta karye, kunya ta kama ni, na juya. A gida matata ta tambaye ni lafiya, na ce rana ce ta buge ni. Ba ta ƙara tambaya ba, a nan na san ita ma ta sani.

Laraba ta zagayo, ya shigo da surutunsa. Na ɗaura masa ƙyalle, na kunna inji, na kashe.

"Direba, bayan kunnenka na hagu akwai wani ɗan ƙari. Ka gaya wa mutumin bayan tasha ya riƙa bi a hankali. In ya yanke, jinin ba ya tsayawa da wuri."

Ya dube ni ta madubi. Na ce masa mutumin yana da hannu mai kyau, ya riƙe shi.

"To ka yi mini na yau, don Allah," in ji shi.

Ya sunkuyar da kai yadda ya saba in zan fara da ƙeya. Na ɗaga injin, sai na ga kafaɗunsa suna girgiza, ashe kuka yake. Na tsaya a bayansa ina jira, ni ban fara ba, shi bai ɗago ba.