Gimbiya Ba Ta San Ta Ƙoshi Ba

Wari ne ya tarbi Maman Biyu tun kafin ta zare makulli daga jikin ƙofar. Ta tsaya da kwanon ruwan ɗumi a hannu, mataccen ɓeran da ta ajiye a nata firiza tun jiya na ciki yana sakin ƙanƙara, ta ja gefen mayafi ta toshe hanci. Ɗakin Baba Mai Rediyo dama yana da warinsa, na dalma da ƙura da tsofaffin wayoyi, amma wannan daban ne. Ta ratsa tsakanin fankokin da masu su ba su dawo karɓa ba, ta isa gaban akwatin gilashin da ke ƙarƙashin taga.

Ɓeran shekaranjiya ne kwance a kan jarida, ya dawo yadda ya shiga, sai dai ya yi laushi ya yi yauƙi. Gimbiya kuwa ta ja jiki can kusurwa. Ba ta naɗe yadda ta saba ba, ta miƙe sharaf kamar igiyar da aka jiƙa aka yar.

"Innalillahi," in ji Maman Biyu a hankali. Ta ajiye kwanon, ta ƙwanƙwasa gilashin da farce. "Ke, motsa mana."

Ko harshe ba ta fito da shi ba.

Gimbiya mesa ce, irin ƙananan nan marasa dafi, ba ta fi tsawon teburin aikin tsohon ba. Shekara da shekaru tana ɗakin, tun matarsa na da rai. Mutanen gidan hayar sun yi ƙorafi har sun gaji, kuma Maman Biyu ce kan gaba, don ƙofarta na kallon tasa. Amma ranar da ciwon ciki ya kayar da shi, mijinta ya juyo da motar da yake tuƙawa za a kai shi asibiti, ita tsohon ya kira ya damƙa wa makulli.

"Saurare ni, 'yata. Ɓeraye na firiza, cikin baƙar leda. Guda ɗaya duk sati biyu. Ki sa a ruwan ɗumi ya saki, ki miƙa mata da dogon awartakin can. Kada ya fi kaurin tsakiyar jikinta. In ta haɗiye ki fita ki bar ta."

"Sati biyu? Baba, ko ɗan fursuna ai yana ganin kwano kullum."

"Ita ba 'yar fursuna ba ce, mesa ce. Jiya ta ci, kin ga ba abin da ya rage miki sai ruwan sha." Ya dafe ciki, ya jira ciwon ya lafa. "Matsalarta ɗaya, ba ta iya cewa na ƙoshi ba. Duk abin da kika miƙa mata karɓa za ta yi. Ke ce za ki ƙoshi a madadinta."

"To na ji. Shiga mota."

Kuma ta ji ɗin, Allah ne shaida. Sai dai Maman Biyu mace ce da ba ta iya ganin baki a rufe ba. 'Yan biyunta duk sun yi aure, amma har yau in sun zo sai sun rufe kwano da tafin hannu kafin ta daina ƙari. Mai karanta mita ma ba ya sauka daga benen nan da ciki wayam. Kwana kaɗan da tafiyar tsohon ta shiga canja ruwa, ta tarar Gimbiya ta ɗaga kai tana bin gilashi, harshe na fita na komawa. Wannan kallon ta san shi, kallon yaro ne a ƙofar kicin. Ta ce a ranta, baiwar Allah mai ita na kwance, in yunwa ta kashe ta a hannuna me zan ce ranar gobe? Ta ba ta ɗaya. Mesar ta cafke. Maman Biyu ta ji daɗin nan da take ji in an dawo mata da kwano a suɗe. Da aka kwana biyu ta ƙara. Ta sake ƙarawa, wannan karon har ta tona ledar ta zaɓo babba, wai don ya riƙe ta.

Shi ne ga shi kwance a kan jarida.

Ta naɗe jaridar da awartaki, ta ƙulle a leda, ta shimfiɗa sabuwa. Na cikin kwanon ma ta haɗa ta zubar. A matakala ta ci karo da mijinta ya dawo cin abincin rana.

"Me kika ɗauko haka? Kamar an buɗe kwata."

"Gimbiya ce ta yi amai."

"Maciji na amai?" Ya dube ta sosai. "Maman Biyu, nawa kika ɗura mata?"

"Ban ɗura mata ba. Ita ta karɓa."

"Ni ma shekara talatin ina karɓa, dubi tumbina. Ki je ki gaya wa mai ita. Shi ya san abinsa."

"Mutumin da ke kwance da roba a hanci zan je in ce masa na kashe masa 'ya?"

"Ta mutu ne?"

"Ba ta mutu ba."

"To ki gaya masa tun ba ta mutu ba."

Bayan ta yi azahar ta zuba romon kaza da 'yar shinkafa mai laushi a kula, ta hau mota zuwa asibiti. Duk hanya tana shirya maganar a bakinta. Baba, na yi kuskure. Baba, ka yafe ni, ka faɗa mini yadda zan yi. Magana ce gajera, ba ta fi ƙarfinta ba.

Gadonsa ne na ƙarshe, jikin taga. Ya ƙara zubewa, agogon hannunsa ya gangaro har kusa da gwiwar hannu. Da ya gan ta idanunsa suka yi haske, kuma ta san ba don ita kaɗai ba ne.

"Maman Biyu. Ya Gimbiya?"

Maganar da ta shirya ta zo har maƙogwaro. Ta dubi robar da ke hancinsa, ta dubi ƙashin wuyansa.

"Lafiya lau," ta ce. "Tana gaishe ka."

"Kin dai bi yadda na ce?"

"Na bi."

"Madalla." Ya lumshe ido. "Cikin gidan nan kaf ke kaɗai na san ba za ki manta da ita ba."

Ta rasa inda za ta sa hannunta, sai ta buɗe kular. Ƙamshi ya cika lungun.

"'Yata, ba ya shiga."

"Zai shiga. Mutum ba ya warkewa da ruwan leda. Cokali ɗaya."

"Nas ta ce..."

"Nas ta haifi nawa? Buɗe baki."

Ya buɗe. Ta ba shi ɗaya, ya haɗiye da ƙyar, maƙogwaronsa na hawa na sauka. Ta ba shi na biyu. Ta ga ya karɓa, sai ta ƙara, tana share masa gemu da gefen mayafi, tana cewa yauwa, haka nake so. Sai da ya kawar da kai gefe ta rufe kular, ranta ya ɗan yi sanyi, don dai ta yi wani abu guda mai kyau a ranar.

Tana ɗaure kular ya yi magana, idonsa na kan silin.

"Akwai abin da ban gaya miki ba ranar nan, ciwo ya hana. Wani lokaci sukan dawo da abin da suka ci. In ta taɓa yi miki haka, kada ki firgita ki ƙara mata. Cikinta ne ya ji ciwo. Ruwa mai tsabta, ki bar mata fitilar ɗumi a kunne, kada ki taɓa ta. Sati biyu cur ba komai. Bayan nan ki nemo mafi ƙanƙanta a ledar."

Maman Biyu ta tsaya da ƙulli a hannu. Ta dubi fuskarsa tana neman ko ya gane. Ba ta ga komai ba sai gajiya.

"Me ya kawo wannan maganar, Baba?"

"Tsufa. Abu in ya faɗo maka gara ka faɗa." Ya ɗan murmusa. "Marigayiya ma ta taɓa yi mata haka. Hannunta irin naki ne, ba ya jin a'a."

Ga ƙofar magana ya buɗe mata. Abin da ya rage ta ce, ai ni ma na yi. Sai ga nas ta turo keken magani tana cewa lokacin ziyara ya ƙare. Maman Biyu ta miƙe da sauri, har ta ji daɗin zuwan nas ɗin. Ta ce a ranta, gobe. Gobe in Gimbiya ta motsa sai in haɗa masa da labari mai daɗi.

Washegari da hantsi ta dawo da wata kular. Gadon jikin taga an yaye zanen, wata mata na goge katifar robar da tsumma. Nas ɗin jiya ta taho ta riƙe mata hannu.

"Mama, sai haƙuri. Da asuba ne. Mun kira 'yarsa, tana hanya."

Maman Biyu ta karanta abin da ake karantawa, ta zauna a bakin gadon kusa. Can ta ce, "Ya dai ci abinci jiya. Da hannuna na ba shi."

Nas ɗin ta dubi kular. Yarinya ce, ba ta iya ɓoye abu a fuska ba.

"Faɗa mini."

"Kina fita ya dawo da shi duka. Ya sha wuya kam. Muna canja masa riga yana cewa kada a gaya wa Maman Biyu, za ta ji ba daɗi." Ta ƙara matse hannun. "Ba shi ne sanadi ba, Mama, wallahi. Likita ya daɗe da sanin kwanansa ya ƙare."

"Na sani," in ji Maman Biyu. "Rai na Allah ne."

Ta sani ɗin. Amma a motar komawa kular na kan cinyarta da zafinta, ta kasa kallonta.

'Yar tsohon ta iso, aka yi masa sutura, ta kwana biyu tana kwashe ɗakin. Rediyoyi aka zuba a buhu, masu fankoki suka tuna da fankokinsu. Da aka zo kan akwatin gilashi ta tsaya daga nesa.

"Yaya, wannan fa? Akwai wani mai kiwon irinsu, ya ce in kawo masa gobe."

"Ba za ta ɗauku yanzu ba. Ba ta da lafiya."

"Me ya same ta?"

"Ni na same ta," in ji Maman Biyu. "Ki bar mini makullin zuwa ƙarshen wata. In ta ci ya zauna, mai kiwon ya zo ya ɗauka."

Mijinta ya ce, "Wato mu ne magadan maciji."

Ba ta taɓa yin aiki mai wuya kamar na kwanakin nan ba, don aikin shi ne kada ta yi komai. Kullum bayan sallar safe ta shiga ta canja ruwa, ta taɓa gilashi ta ji ɗumin fitila, ta fita. Kwanakin farko Gimbiya na nan sharaf. Wata safiya ta tarar ta shige ƙarƙashin fasasshiyar tukunyar da take ɓuya, ta naɗe. Bayan nan ta fara ɗaga kai tana bin gilashi, harshe na fita na komawa, kallon nan dai na yaro a ƙofar kicin. Maman Biyu ta kai har gaban firiza, ta kama murfin.

"A'a," ta ce, ba tare da ta juyo ba. "Ya ce sati biyu."

Ranar da suka cika ta tona baƙar ledar har ƙasa, ta samo ɗan mitsitsi, ta kara shi jikin gilashi ta gwada da kaurin mesar. Ta sa a ruwan ɗumi, ta jira ya saki, ta yi bismilla ta miƙa da awartaki. Gimbiya ta daɗe tana shinshina. Sai ta cafke.

Ɗakin ba kowa, ba komai, sai akwatin da firiza da kujerar tsohon mai tsagaggen soso. A kai ta zauna. Ledar na nan a buɗe kusa da ƙafarta. Ta ƙulle bakinta, ta mayar, ta rufe firiza, ta dawo ta zauna, ta cusa hannayenta biyu ƙarƙashin cinyoyinta. Bayan gilashin, ɗan ƙullutun na gangarawa a hankali cikin jikin mesar, har ya tsaya a tsakiya.