Goggo Mai Kitso Ta Fito a Fim

Da Darakta ya san abin da zai biyo baya, wallahi da bai saka goggonsa a fim ba. Amma ina, a lokacin idonsa ya rufe.

Goggo ƙanwar babansa ce, ita ta raine shi, kuma kitso ne sana'arta. Tsakar gidanta ba ya rabo da yara mata, ana tsifa ana surutu, ita tana kan 'yar kujerarta da kwalbar man gashi a gefe. Labarin fim ɗin na wata aljana ce mai yi wa yara kitso, duk wadda ta taɓa wa kai sai ta wayi gari ba baki. Da aka rasa wadda za ta fito a aljanar, sai gogan naka ya ce ai ga ta a gida.

"Ni me na iya, ɗan nan?" in ji Goggo.

"Ki yi yadda kika saba kawai, Goggo."

A tsakar gidan nata aka ɗauka. Ya hana a shafa mata komai a fuska. Har 'yar waƙar da take yi ta hanci idan kitso ya yi nisa, ya ce kada ta bari.

Fim ya fita, ya karɓu. A gidan kallo mata na rufe ido, maza na dariyar ƙarfin hali. Wani mai sharhi ya rubuta a jarida cewa bai taɓa ganin fuskar da ta firgita shi haka ba. Darakta ya yi ta nuna wa mutane rubutun, kansa ya kumbura.

Unguwa kuwa ba ruwanta da sharhi. Guntun fim ɗin ya zagaya wayoyi, yara suka gane ƙofar gidan. In sun zo wucewa sai su kwaikwayi waƙar su arce. Ba wanda ya ce Goggo aljana ce, kowa ya san wasa ne. Sai dai yarinya ta turje ta ce ba za ta ba, uwa ta gaji da ja, a nemi wata mai kitson. Sannu a hankali tabarmar da yara ke zama ta koma jikin bango.

Har 'yar Darakta ta cikinsa, wadda tun da ta yi gashi Goggo ke kitsa mata, ta ƙi. Shi da kansa ya kai ta shago aka yi mata. Ranar da za su gaida Goggo, ya sa wa yarinyar hula ya ja har kunne, don kunya ta ishe shi.

"Zo nan, ƙawata," in ji Goggo.

Yarinyar ta matso tana kallon ƙasa. Goggo ta zame hular, ta bi layin kitson da yatsa. Darakta ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

"An ja mata gaba da yawa," ta ce. "Ka gaya wa mai yin ta riƙa sassautawa, gashin nan ba ya son ja."

"Goggo, ki yi haƙuri, ni na..."

Ta mayar wa yarinyar hularta, ta ɗauko kwalbar man ta miƙa masa.

"Ka kai wa mai kitson. Da shi kan yarinyar ya saba. Ni yanzu a nan sai dai ya daskare."